Yadda Za Ka Riƙe Kujerarka a Teburin Dalma Bayan Idonka Ya Fara Gazawa

Wannan jagora ba ta kowa da kowa ba ce. Taka ce, kai da ka haura shekara ashirin a teburin dalma, kana jera ƙananan ƙwayayen fitilar nan da ake kira LED a kan allunan lantarki, kana liƙe su ɗaya bayan ɗaya don motocin mutane su sami danjar birki da sigina, sai ga shi a 'yan watannin nan ƙwayayen sun fara yi maka gizo. Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan a jere, an ba ka tabbacin shekara biyu cif a kan kujerarka. Ba manajan da zai dafa kafaɗarka ya raka ka sashen kwali, can ƙarshen ma'aikata kusa da banɗaki, inda ake ajiye waɗanda ido ko hannu ya ci amanarsu, su yi ta naɗe fitilu cikin leda har ranar da za a sallame su da jawabi da lemon kwalba.

An gwada hanyar a jikin mutum, ba a jikin ɓera ba. Gwani ake ce masa. Shekararsa ashirin da bakwai a tebur na farko, na jikin taga, kuma sunan ba na zolaya ba ne. A zamaninsa idan ya ɗiga dalma a ƙafar ƙwai, sai ka ga ta zauna sumul tana sheƙi kamar an lashe ta. Duk abin da za ka karanta a ƙasa shi ya fara yin sa.

Ga wanda bai san aikin ba, ya tsinci takardar nan a hanya: ƙwan bai kai ƙwayar shinkafa ba, kuma yana da gaba yana da baya. Abin da ke raba su wani ɗan yanka ne a kusurwa ɗaya, siriri kamar gashin gira. Ka ɗora shi daidai, ya kama. Ka juya shi, ya yi shiru, ba hayaƙi, ba ƙara, ba haske. Abincin mai dalma gaba ɗaya a kan ganin wannan ɗan yankan yake.

Mataki na ɗaya: Ka fara zargin fitilar ɗakin

Ranar da ka ɗauki ƙwai da hantsaki ka nemi yankan ka rasa, kada ka murza ido. Murza ido amsa laifi ne. Ɗaga kai ka harari silin.

Haka Gwani ya yi wata safiyar Talata. Ya daɗe yana kallon doguwar fitilar da ke saman teburinsa, sannan ya juya wajen Dogo, maƙwabcinsa na tebur na biyu, magidanci mai 'ya'ya biyar wanda ba ya son tashin hankali ko na minti ɗaya.

"Dogo, wannan fitila ce ko aci-balbal?"

"Lafiyarta ƙalau, Gwani. Ni har ido take kashe min."

"Kai da ma me kake gani? Gidan da ke sayar wa duniya haske, a rasa wanda za a haska ma'aikata da shi."

Aka canja fitilar. Bayan mako uku ya ce sabuwar ta cika fari, tana dukan allo tana dawo masa a fuska. Aka sa mai ruwan ɗorawa. Ya ce wannan barci take sa mutum. Daga nan ya koma kan taga, aka rataya labule. Ya ce an binne shi da rai, aka cire labule. Wannan kaɗai ya ci wata huɗu. Ka lura da kyau: mai yawan ƙorafi ba a yi masa tambaya, hanyar rabuwa da shi kawai ake nema.

Mataki na biyu: Ka nisanci duk wani gilashi

Kowane tebur yana da madubin ƙara girma mai dogon wuya, wanda ake janyowa a leƙa. Kada ka taɓa naka. Idan ka shekara ashirin kana yi wa masu amfani da shi dariya, kana tambayarsu ko sun hango ranar ƙarin albashi a ciki, ba yau za ka janyo shi ba. Gwani ya rataya hularsa a kan nasa tun zamanin manaja na uku, kuma a nan take kwana duk lokacin aiki.

An yarda ka gwada tabarau sau ɗaya tak, a ɓoye, a kasuwar da ba ta unguwarku ba. Gwani ya je ranar Lahadi, ya tsaya gaban mai teburin tabarau, ya ce na wani abokinsa yake nema, wanda fuskarsu ta zo ɗaya. Ya sa na farko, ya kalli jaridar da aka miƙo masa. Da ya rufe idon dama, rubutu ya fito tar. Da ya rufe na hagu, sai ya ga kamar wani ya dangwala babban yatsa mai maiƙo a tsakiyar shafin. Ya gwada guda bakwai. Yatsan bai gusa ba.

"Baba, wannan ba na tabarau ba ne," in ji mai tebur. "Asibiti ya kamata abokin naka ya je."

"Gilashin naku ne ba shi da kyau," in ji Gwani. Ya ajiye ya yi gaba.

Abin da ya yi daidai ne. Likita takarda yake rubutawa, takarda kuwa ƙafa gare ta, tana iya takawa har ofishin manaja. Karanta littattafan tarihi iya son ranka, ba za ka sami mai mulkin da ya faɗi ranar da aka gane gaskiyarsa ba. Suna faɗuwa ne ranar da wani ya rubuta ta.

Mataki na uku: Ka mayar da aikin ido wajen yatsa

Nan ne zuciyar jagorar, saboda haka ka nutsu.

Ƙwayayen ba a warwatse suke zuwa ba. A jere suke cikin dogon zirin roba da aka naɗe a faifai, kowane a ɗan ɗakinsa, kuma gefe ɗaya na zirin yana da huji-huji. Inji ne ya jera su, inji kuwa ba ya canja ra'ayi a tsakiyar aiki: duk wuri ɗaya suke kallo. To me za ka yi da ganin ɗan yankan? Shafa zirin da babban yatsa. Huji a hagunka, yanka yana sama. Ɗauka, kada ka juya wuyan hannu, ɗora, ɗiga dalma.

Gwani ya gano wannan a wata na biyar, kuma ranar har 'yar waƙa ya yi ƙasa-ƙasa. Ƙwai goma sha biyu ne a allon danja. Hannunsa ya san mazaunin kowane kamar yadda harshe ya san gurbin haƙorin da ya fita. Warin man liƙi yana gaya masa ƙarfen narka dalma ya yi zafi, ɗan sautin narkewa yana gaya masa dalma ta zuba. Sauri ma ya ƙaru, tunda ya daina ɓata lokaci wajen dubawa. A ƙarshen watan Manaja ya tsaya a tsakiyar ɗaki ya tafa hannu, ya ce kowa ya saurara.

"Ku dubi Baba Gwani. Ko kallon allon ba ya yi. Abin da nake so ke nan a gidan nan."

Gwani ya sunkuyar da kai irin na masu tawali'u. Ka koyi wannan sunkuyon, zai yi maka amfani a wurare da yawa.

Mataki na huɗu: Idan ka ƙone, ka yi shiru

Mai ido ɗaya ba ya auna nisa daidai. Wani lokacin za ka kai bakin ƙarfe wajen ƙafar ƙwai, ya sauka a kan ɗan yatsanka. Kada ka yarfe hannu. Ka ƙirga uku a zuci, ka ajiye ƙarfen a nutse, ka tashi kamar fitsari ya kama ka. Akwai famfo a banɗaki. Idan an ga tabon, ka ce tukunyar shayi ce. Mutumin da ke dafa wa kansa ba a yi masa bincike, tausayinsa ake ji.

Mataki na biyar: Ka mayar da kowace bukata jarrabawa

Akwai abin da yatsa ba ya karantawa: lambar da ke jikin faifai, takardar oda, sanarwar da ake mannawa a bango. Kada ka kuskura ka ce "karanta min". Ka ce "bari in gwada ka".

"Dogo, zo nan. Shekararka nawa a gidan nan?"

"Sha huɗu, Gwani."

"Sha huɗu. To faɗa min lambar faifan nan da abin da take nufi, in ji ko ɗumama kujera kake yi."

Dogo ya karanta, ya yi bayani. Gwani ya jinjina kai a hankali kamar alƙalin gasa.

"Ka ci rabi. Je ka."

Ba a taɓa gaya wa Dogo rabin da ya faɗi ba. Mutum da furfura a gemu, sai da ya koma yana bitar lambobi a motar haya kafin ya iso aiki.

Riba biyu ce a nan: ka sami abin da kake nema, kuma an ƙara jin tsoronka. Mutum ɗaya kawai za ka yi hattara da shi, wanda ka koya wa aikin da gaske. A wajen Gwani, Mai Gwaji ce, matar da ke zaune a teburin ƙarshe, wadda kowane allo sai ya bi ta hannunta, ta ba shi wuta, ta ga ya kama, kafin ya wuce. Shi ya koya mata riƙon ƙarfe shekara goma sha ɗaya da suka wuce, har da ƙwala mata hantsaki a bayan hannu idan ta cika dalma. Ita idan ya ce zai gwada ta ba ta musu. Karantawa take yi a hankali, sau biyu, ta juya ta tafi ba ta jira maki ba. Ya kamata wannan ya dame shi. Ya zaɓi ya kira shi ladabi.

Mataki na shida: Ranar gwajin ido, ka zama na ƙarshe

Sau ɗaya a shekara kamfani yana kawo ma'aikaciyar jinya. Ta zauna a ɗakin cin abinci da wani ɗan kati mai ƙananan lambobi, a yi mata layi. Wanda ya kasa karanta layi na shida, ko da tabarau, sai sashen kwali.

Ka ce na bayanka su fara, kai ba ka gaggawa, babba ba ya turereniya. Mutum talatin da ɗaya za su karanta kati ɗaya da babbar murya a gabanka, kai kuwa Allah bai taɓa kunnenka ba. Kafin a zo kanka ka haddace shi kamar lambar wayarka.

Gwani ya zauna, ya rufe idon hagu da tafin hannu, ya zubo layi na shida ba gargada. Sai dai ka kiyayi kuskuren da ya yi: ya fara tun matar ba ta gama ɗaga katin ba.

"Baba, ai ban juyo shi ba tukuna."

"Tun kina nuna wa na gabana na gan shi, 'yata. Daga can bakin ƙofa."

Ta yi dariya, ta rubuta masa sakamakon da ya fi na Dogo. Shekarar da ta biyo baya ya gyara salo: ya ɗan yi jinkiri, ya ɓata lamba ɗaya da gangan, ya dawo ya gyara ta. Ƙaryar da ba ta da tabo ko ɗaya ita ake fara zargi.

Mataki na bakwai: Ka toshe bakin gida

Idan matarka tana raye, naɗe takardar nan ka ba wani, ba za ta yi maka aiki ba. Matar da ta shekara talatin tana kallon fuskarka ta san ranar da ka fara miƙa hannu da nisa kafin ka duba waya, kuma ba ta tsoron fushinka, ta ga irinsa ya fi dubu. Matar Gwani ta rasu shekara uku kafin wannan labari, saboda haka ta nan ɓangaren ya yi sa'a. Kujera da tukunya ba sa tona asiri.

Saura 'ya. Tasa tana aure a wata unguwa, tana zuwa duk Asabar ta yi masa shara da wanki. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, shi ya sa yake ce mata Uwata. Ita ta ga ya zuba shayi rabi a kofi rabi a tebur. Ita ta tarar da riguna uku ba maɓalli, a gidan mutumin da a da shi yake zura wa matarsa zare a allura.

"Baba, ran Laraba zan zo mu je a duba idonka."

"Idon wa?"

"Naka. Ran Alhamis mijina ya tare ka a bakin titi zai gaishe ka, ka ce masa ba ka da canji."

"Na gane shi sarai."

Ba ta yi dariya ba. A nan ne za ka fito da babban makami, kuma kada ka zare shi fiye da sau ɗaya a wata biyu, don kada ya dushe. Ka yi shiru. Ka kalli kujerar da marigayiya take zama. Ka ce, kamar da kanka kake magana:

"Asibitin nan dai da na kai mahaifiyarki da ƙafarta."

Uwata ta ɗauki tsintsiya ta shiga ɗaki, ta daɗe tana share wurin da ta riga ta share. Ba ta sake tayar da maganar ba sai da aka kwana biyu. Idan ka ji wani abu ya tokare maka ƙirji bayan ta tafi, shayin ne.

Mataki na takwas: Ranar da asiri zai tonu, kada ka taso

Kamfani ba ya neman shawararka idan zai canja inda yake sayen kaya. Wata ran Litinin, shekara biyu ta cika da 'yan kwanaki, aka kawo faifai daga wani sabon wuri. Girma ɗaya, launi ɗaya, huji a gefe ɗaya. Sai dai injin can ra'ayinsa daban ne: ya jera ƙwayayensa yanka yana ƙasa.

Dogo ya ɗauki na farko, ya leƙa ta madubinsa, ya ce "af", ya juya hannu, ya ci gaba. Bai ga abin faɗa ba, don mai ido ba ya sanin abin da ya gani labari ne. Gwani ya shafa zirin, ya ji huji a hagu, ya kama aiki. Ranar kuwa hannunsa ya saki. Kafin a tashi cin abinci ya gama allo sittin na danjar manyan motoci, ƙwai ɗari bakwai da ashirin, kowane ya ba wuta baya.

Aka kai wa Mai Gwaji tire. Ta ɗora na farko a kan na'ura. Shiru. Ta ɗora na biyu. Ta duba wayar na'urar, ta gwada da allon Dogo, ya kama jajir har ya haska mata haɓa. Ta koma kan na Gwani. Tana kan na tara Manaja ya shigo, direban da ya zo ɗaukar kayan yana biye da shi da makulli a hannu.

Kai dai ka ci gaba da goge bakin ƙarfenka a soso. Mai laifi ne yake tasowa.

Mataki na tara: Ka bari wani ya ɗauka

Manaja ya tsaya a kan tebur na farko da allo a hannu. Bai kai sa'ar ƙanin Gwani ba, kuma odar ta mutanen da ba sa jira ce.

"Baba Gwani, sittin. Ko ɗaya bai kama ba. Yaya aka yi?"

"Yallabai, a tambayi waɗanda suka canja kaya ba su gaya wa kowa ba."

"Kaya iri ɗaya kuka yi aiki da shi kai da Dogo. Nasa duk sun kama."

Kowa ya ajiye ƙarfensa. Amsar tana tsaye a tsakiyar ɗaki, saura wanda zai kira sunanta. Gwani ya buɗe baki, shi kansa bai san abin da zai fito ba. Sai Mai Gwaji ta yi magana daga bayan Manaja.

"Laifina ne, yallabai. Ni na karɓi faifan da safe. Na gaya wa Dogo an juya su, na manta ban gaya wa Baba ba."

Dogo ya sami wani abin sha'awa a ƙarƙashin teburinsa, ya tsura masa ido.

"To shi ba ya dubawa ne?" in ji Manaja.

"Sauri ne, yallabai. Kai da kanka ka yaba."

Aka ba ta takardar gargaɗi, ta farko tunda ta fara aiki, wadda za ta zauna a fayil ɗinta ta tare mata shugabancin sashe da ake shirin ba ta a ƙarshen shekara. Kai ka yi gum. Ba kai ka roƙa ba.

Da aka tashi aiki mutane suka watse, ta zo teburinsa da wani allo, ba daga cikin sittin ɗin ba, na makon jiya. Ta sauke hularsa daga kan madubin, ta ajiye masa a cinya, ta janyo madubin gabansa.

"Baba, leƙa. Da na hagun."

Ya so ya yi faɗa. Ya leƙa. Dalmar da ya gani ba ta Gwani ba ce. Wata ta taru kamar kashin tsuntsu, wata da ƙyar ta taɓa ƙafar ƙwai, wata ta malala tana neman maƙwabciyarta. A kan biyar daga cikin sha biyun kuwa akwai sabon liƙi, sumul, yana sheƙi. Ya san hannun. Shi ya koyar da shi.

"Tun yaushe?"

"Wata goma sha huɗu. Lokacin cin abinci nake yi."

"Wa ya sa ki?"

"Ba wanda ya sa ni. Baba, sittin ɗin yau ba su dame ni ba, a gabana suka mutu. Wanda ke damuna shi ne wanda zai kama a nan, ya wuce ni, ya je ya yi wata uku yana girgiza a bayan tirela, ya saki a kan gangara. Direba ya taka birki, na bayansa bai ga komai ba. Ban san nawa suka wuce ni ba. Waɗanda na kama kawai na sani."

Gwani ya yi ta juya hular a hannunsa.

"Da kin gaya min."

"Kai ake gaya wa?" Ta mayar da madubin mazauninsa. "Na yi ƙarya dominka yau, ta ƙarshe ke nan. Ran Laraba 'yarka za ta zo bakin ƙofar ma'aikata da ƙarfe goma. Mun yi waya."

Darasin da ke nan: kada ka bari matan da suka san ka su karɓi lambar juna. Gwani ya yi wannan sakacin tun ranar da aka zo masa ta'aziyya.

Mataki na goma: Idan asibiti ya zama dole, ka tabbata ka makara

Mai zuwa da wuri wahala yake sha: magani, dogon bayani, ranar dawowa. Wanda ya makara, cikin minti ashirin an sallame shi.

Likitar ta ɗiga masa magani, ta sa ya ɗora haɓa a kan wani ƙarfe, ta haska idon da 'yar fitila mai ƙarfi. Ko a nan Gwani bai bar hali ba. Ya tambaye ta ƙwai nawa ne a cikin fitilar, ya ce hasken ya ɗan karkace, wanda ya liƙa ta bai iya ba. Uwata ta taɓa gwiwarsa, ya bar maganar.

"Baba, yaushe ka fara ganin tabon nan?"

"Kwanan nan."

"Shekara biyu," in ji Uwata.

Likitar ta ajiye alƙalami. Ta ce na hagu ma ya fara, amma za a iya tare shi idan ya kiyaye zuwa. Na dama kuwa, abin da ya tafi ya tafi.

"Da a farkonsa muka zo fa?" in ji Uwata.

Kada ka bari a yi wannan tambayar. Gwani ya yi tari, ya laluba hularsa, ya ce akwai masu jira a waje. Amma likitar ta riga ta amsa, kuma ita ba ta karanta wannan jagorar ba: da a farkonsa ne, da akwai abin yi.

Suka kama hanyar gida. Wajen tsallaka titi Uwata ta zagayo ta ɓangarensa na dama, ta kama hannun rigarsa. Bai fizge ba.

Mataki na goma sha ɗaya: Ka tashi da ƙafarka

Ran Alhamis ya riga kowa zuwa. Ya goge teburin, ya naɗe wayar ƙarfensa yadda ya saba naɗe ta, ya kai teburin Mai Gwaji ya ajiye. Sannan ya ƙwanƙwasa ofishin Manaja, ya yi minti goma a ciki. Ba a san duk abin da ya faɗa ba. An dai ga sakatare ya ɗauko fayil ɗin Mai Gwaji ya zare takarda ɗaya, an kuma ga Manaja ya wuni a kan waya, yana neman duk inda aka kai danjar tebur na farko tun bara. Wannan ɓangaren ba ya cikin koyarwa, kuma ba a ba ka shawarar ka kwaikwaya ba.

Daga nan ya ratsa tsakiyar ɗakin, ya wuce tebur goma sha shida, hula a kai. Dogo ya miƙe tsaye.

"Gwani, ina zuwa?"

"Can ƙasa. An ce leda a yamutse take fita, ba mai tsawatarwa."

A sashen kwali aka ba shi benci da almakashi da tulin leda. Aiki ne da ba ruwansa da ido. Fitila tana zuwa a rufe cikin jan gilashinta, ka naɗe, ka sa a kwali, ka manne. Ta farko da ta zo hannunsa ya daɗe yana juya ta, yana bin gilashin da babban yatsa, kamar zai ji dalmar da ke ciki.

"Baba, ba a dubawa a nan," in ji na kusa da shi. "An riga an duba."

Gwani ya ce ya sani. Ya naɗe ta.

Sanarwa

Marubucin wannan jagora bai ɗauki alhakin komai ba. Ba ruwansa da idonka na dama, ba ruwansa da abin da ke tsakaninka da 'yarka, ba ruwansa da wata tirela da ke kan hanya yanzu haka, wadda ba wanda ya san halin da danjarta take ciki. Kujera aka yi maka alkawari, kujera kuwa ka samu. Ba a ce za ka riƙa ganin abin da ke kan teburin ba. Mai ƙorafi yana iya rubutowa, amma da manyan haruffa, kuma ya bar tazara tsakanin layuka.